Kwanon Baba na Ciyayya

Na Allah ne mu, kuma wurinsa za mu koma. Baba ya riga mu komawa ranar wata Talata da hantsi, a gadon asibiti, bayan kwana biyu bai yi magana ba. Baba shi ne mahaifin maigidana. Shekara tara ina dafa masa abinci a gidanmu na Takur, kuma har ya bar duniya ban taɓa kallon tsakiyar idonsa ba.

Ranar sadakar uku tsakar gidanmu ta cika har bakin madafi. Mutanen Kiyawa mota biyu suka yo. Wata tsohuwa da ban sani ba ta riƙe hannuna ta ce shekarar da mijinta ya kwanta ciwo, Baba ne ya nome musu gona bai gaya wa kowa ba. Maƙwabciyarmu Sista, 'yar Filato, ma'aikaciyar jinya, ta shigo da farin kayan aikinta a jiki, ta zauna cikin mata tana share ido. Ta ce, "Yanzu wa zai riƙa ce mini Likita?" A zaure kuma an ce Baba Direba, taubashin Baba, wanda kullum ba ya buɗe baki sai da tsiya, an ba shi ya yi addu'a ya kasa kai ta ƙarshe. Sai liman ne ya karɓa.

Ina cikin zuba wa baƙi ruwa sai Gwaggo, ƙanwar Baba, ta nuna ni da hannu.

"Ga wadda za ku sa wa albarka nan," in ji ta. "Tun ranar da likita ya hana Yaya gishiri, yarinyar nan ko ƙwaya ɗaya ba ta bari ta shiga bakinsa ba. Ni kaina na yi mata faɗa a kai, ta ƙi."

Mata suka ɗauka. "Allah ya ba ki masu yi miki." "Allah ya sa ki gama da duniya lafiya." Na ce amin. Na shige madafi na jingina da bango.

Abin da Gwaggo ta faɗa ba haka yake ba. Wata biyar kafin rasuwar Baba na mayar da gishiri cikin kwanonsa, da hannuna, kuma ban gaya wa kowa ba. Ciwon da ya kashe shi kuwa shi ne wanda aka hana shi gishirin dominsa. Tun daga ranar nan tambaya ɗaya ce take bina ko'ina, har kan sallaya: shin ina da hannu a ran bawan Allah nan?

Amma bari in fara faɗin ko wane ne shi, don jikokinsa su sani.

Baba manomi ne. A Kiyawa aka haife shi, a can ya tsufa. Bayan rasuwar matarsa Inna, maigidana ya matsa masa ya dawo Dutse wurinmu. Ya zo da jaka ɗaya, da buta, da wani ƙullin irin zogale a aljihu. Kwanansa biyu ya shuka shi a bayan ɗaki. Har yau shi muke tsinka.

Mutum ne mai tsari a kan jikinsa, ba tare da ya taɓa karanta komai a kai ba. In an idar da asuba ba ya komawa shimfiɗa. Sai ya kama hanya a ƙafa, ya bi ta gefen duwatsu har inda dabinai suke, ya dawo rana ta ɗan ɗaga. Koko yake sha ba sukari. Lemon kwalba ko an kawo masa a biki sai ya riƙe shi a hannu har ya huce, ya ajiye. In na cika masa kwano sai in ji muryarsa daga ɗaki: "A gaya wa masu gidan nan ni ba buhu ba ne, a daina ɗura mini." Haka yake yi mini magana. Bai taɓa kiran sunana ba, bai taɓa fuskantata ba. Sai ya kalli bango ya ce a gaya wa masu gida, alhali daga ni sai shi a tsakar gidan. Ni kuma ina durƙushe in ce, "To, Baba, za a gaya musu."

Ana idar da isha'i yake kwanciya. In ya ji rediyon maigidana tana tashi bayan haka, sai ya buga bango da sanda. Washegari ya ce masa, "Wanda bai kwanta da wuri ba ka san da wa zai yi faɗa in gari ya waye? Da kowa."

Faɗansu mafi girma a kan tafiyar ƙafa ne. Maigidana ma'aikacin gwamnati ne, yana jin nauyin a ga mahaifinsa cikin rana yana takawa zuwa masallacin Juma'a. Sai ya yi magana da wani mai adaidaita ya riƙa zuwa ɗaukarsa. Juma'ar farko Baba ya fito, ya sa dardumarsa da butarsa a kujerar baya, ya ce wa mai adaidaitan, "Kai su can, ina tafe." Ya bi bayansa a ƙafa.

Da suka dawo maigidana ya kasa haƙuri.

"Baba, me kake so mutane su ce? Su ce ina ofis na bar ubana yana yawo a rana?"

"Su ce mana."

"Ni ne za a zaga, ba kai ba."

"To in ƙafar nan ta mutu don zama, mutanen ne za su zo su kai ni banɗaki? Ko kai ne za ka baro ofis?"

Maigidana ya ce shi dai ya gama magana, adaidaita za ta ci gaba da zuwa. Baba ya miƙe. Ya shiga ɗaki, ya fito da jakarsa, ya tsaya a bakin zaure yana gyara hula. Kiyawa zai koma. Ina leƙe ta labule. Sai da maigidana ya durƙusa a ƙasa da manyan kayansa, ya riƙe jakar, sannan Baba ya saki. Ba a ƙara maganar adaidaita ba.

Alherinsa gare ni kuwa ba zan iya ƙirga shi ba, amma ɗaya ba ya barin raina. Bayan haihuwata ta uku barci ya ƙaurace mini. Ni mutum ce mai saƙe-saƙe. In na kwanta sai in tuna wanki, in tuna ko na rufe tukunya, in tashi. Na rame, jiri yana ɗibana. Wata rana bayan azahar ina tsugune gaban baho sai na ji ya ce wa bango, "A gaya wa masu gidan nan wanki ba ya gudu. A je a kwanta." Ya ja tabarmarsa ya shimfiɗa a ƙofar zaure ya zauna. Duk wadda ta zo sallama sai ya ce, "Gidan nan a rufe yake sai la'asar." Har yayata ya mayar. Wata biyu yana wannan gadin, shi da ba ya wasa da ƙailularsa. Da yamma kuma in tarar da zogale an tsinko an ajiye mini a faifai, ba a ce komai ba.

Shekara biyu da suka wuce ya fara ciwon kai da ganin duhu-duhu. Sista ta auna shi ta ce a tafi asibiti yau, ba gobe ba. Likita ya ce hawan jini ne. Ya rubuta magani, ya ce tafiyar da yake yi da kwanciya da wuri ya riƙe su da kyau, amma gishiri da dunƙule a janye. Sista ta zaunar da ni ta koya mini: in ɗebi miyar Baba kafin in sa gishiri, in ƙara mata daddawa kaɗan da citta da albasa don ta ciwu. Na riƙe wannan kamar karatun sallah. Har cokali daban na ware masa.

Matsalar ita ce ciyayya. A layinmu, in an yi magariba, kowane gida yana fito da kwanon tuwo, dattawa su zauna a tabarma a ƙofar gidanmu. Ana buɗe kwanukan ɗaya bayan ɗaya, kowa ya sa hannu a kowane. Don haka babu gidan da ba a san hannun matarsa ba. Sista ta ce gara Baba ya riƙa ci a ciki. Baba ya ce, "Likita, tun ina yaro ban taɓa cin tuwo ni kaɗai ba. In kin ga na fara, to ki kira masu wanka." Aka daidaita a kan zai fita, amma nasa kwanon kaɗai zai ci. Ya kuwa cika alkawari. Sai dai su sauran ba a hana su sa hannu a nasa ba.

Ni nake ajiye kwanon a bayan ƙofar zaure, Baba ya ɗauka. Ranar farko ban koma ciki da wuri ba, sai na ji muryar Baba Direba.

"Kai! Taubashi, wannan miya ce ko ruwan wankin kwano?"

Aka fashe da dariya.

"Likita ne ya hana ni," in ji Baba.

"Wane likita? Faɗi gaskiya, surukarka ce ta gaji da kai. Ni ma da ni ne ita da tuni na gaji."

Wasa ne irin na taubasai, na sani. Amma kullum sai an yi. Da an ga kwanonmu sai wani ya ce, "Ga lamin nan ya iso." A hankali maganar ta bar tabarma ta shiga gidaje. Matan layi ba su ji zancen likita ba, lamin kaɗai suka ji. A wani suna na matsa kusa da tukunya zan taya juyi, wata ta ce, "A'a, ku ba ta yankan albasa dai," aka yi dariya har da tafawa. Da Gwaggo ta zo daga Kiyawa ta ji labari, ta same ni a madafi.

"Ke, so kike ki zubar mana da mutunci a birni? Ɗan kaɗan ki barbaɗa mana. Mu da muka tashi muna lasar kanwa ba mu mutu ba."

Na ce mata likita ya hana. Ta yi tsaki ta fita. Ita a nan ta tsaya da saninta, shi ya sa ta yabe ni ranar uku.

Fiye da shekara na jure. Ranar da na karya ba wani babban abu ne ya faru ba. Miyar kuɓewa ce busasshiya, na ɗebi ta Baba, na tsaya ina kallonta, na ji a kunnena abin da za a faɗa a waje. Na sa yatsa biyu a gwangwanin gishiri. Na ce yau kaɗai. Na laɓe a bayan ƙofa. Ban ji dariya ba. Kwano ya dawo a suɗe. Washegari na ƙara. Bayan sati na marmasa rabin dunƙule. Kafin wata ya ƙare na daina ware miyarsa gaba ɗaya, sai dai in zuba a kwanonsa da cokalinsa na daban, don wanda ya shigo ya gani.

Kullum in na kwanta sai in ce gobe zan daina. Kullum in magariba ta yi sai in kasa.

Duk Asabar Sista tana shigowa ta auna shi. Wata Asabar ta daɗe tana kallon abin awon, ta sake ɗaurawa, ta sake. Ta juyo wurina.

"Maman yara, yana shan maganin nan kuwa?"

"Yana sha. Ni nake ba shi."

"To abincin fa? Ba a canja komai ba?"

Na buɗe baki, wallahi da niyyar faɗa. Sai Baba ya riga ni.

"Likita, bar yarinya ta yi aikinta. Tsufa ne. Shi ma kina da abin auna shi?"

Sista ta yi dariya ta naɗe kayanta. Ni kuma na koma madafi na ce daga yau an gama. Na yi kwana huɗu ban sa ba. A na biyar na ji Baba Direba yana cewa, "Af, an koma gidan jiya?" Na mayar.

Sau biyu na durƙusa a ƙofar ɗakinsa da safe da niyyar in ce, Baba, na yi maka laifi. Sau biyun duk gaisuwa ce ta fito. Yaya suruka za ta buɗe baki ta ce wa surukinta ga abin da nake zuba maka?

Ranar Lahadi ce ya dawo daga tafiyarsa ta safe. Ina shara na ji buta ta faɗi a zaure. Na saurara ban ji an ɗauka ba. Da na leƙa yana zaune a ƙasa, ya jingina da bango, bakinsa ya karkace, hannunsa na dama yana kwance a cinyarsa kamar ba nasa ba. Wannan ce ranar da na fara taɓa jikinsa. Na tallafi kansa ina ƙwala wa maigidana kira. Yana ta son ya ce wani abu, ba ya fita.

Kwana biyar da rasuwa na kasa riƙewa, na shiga gidan Sista na gaya mata komai. Na so ta ce mini ba komai. Ba ta ce ba.

"Ba zan ce miki gishirin bai yi komai ba, don ƙarya zan yi," in ji ta. "Ba kuma zan ce shi ne ba. Akwai shekaru, akwai jinin gidansu. Wani yana kiyaye komai ya faɗi. Babu likitan da zai iya raba miki wannan. Amma ranar da na tambaye ki, da kin faɗa mini, da na mayar da shi asibiti a satin."

Na fito daga gidanta na koma gida.

Ranar bakwai, bayan an watse, aka ce Baba Direba yana sallama da ni. Ya tsaya daga bakin zaure, ni ina daga ciki a durƙushe. Ya rame a sati ɗaya.

"'Yata, gafara na zo nema. Bakina ne ya jawo."

Ban san me ya sani ba.

"Ranar da gishiri ya dawo kwanon nan, lomar farko ya gane. Ya riƙe ta a baki, ya daɗe bai haɗiye ba. Sannan ya turo mini kwanon ya ce, to sarkin surutu, ci ka faɗa. Da muka tashi ya ja ni gefe ya ce, ka ga abin da ka sa yarinya ta yi."

"Ya sani?" Ban san lokacin da na faɗa da ƙarfi ba.

"Ya sani. Na ce masa to ka daina ci mana, ko ka yi mata magana. Ya ce in ya janye hannu daga kwanon gidansa za a tambayi dalili, maganar ta kai kunnen mijinki. In kuma ya yi miki magana, kunya ba za ta ƙara barinki ki gaishe shi da sakin rai ba. Sai ya riƙa gutsurar tuwon daga gefe, yana ɗan taɓa miyar. Ya ce za ki daina da kanki, ke mai tsoron Allah ce." Ya sunkuyar da kai. "Kin kuwa daina. Ni ne na sake buɗe baki. Na manta, wallahi, wasa ya saba mini."

Na ce na yafe masa. Ban san ko ina da hurumin yafe wa wani ba, amma na faɗa.

Saura mutum ɗaya. Washegari da safe maigidana zai koma aiki, yana zaune bakin gado yana ɗaura takalmi. Na durƙusa a gabansa. Na riga na haɗa kayana a raina, don ban san ko zan kwana a gidan ba. Na faɗa masa tun daga yatsa biyun farko har tambayar Sista. Ban rage komai ba.

Bai ɗago ba. Igiyar takalmin tana hannunsa.

"Kin san wa yake ƙarasa kwanon Baba?" ya ce.

"Dattawan."

"Ni ne. Duk ranar da nake gida, in sun tashi, ni yake miƙo wa ya ce in suɗe." Ya saki igiyar. "Ni ba ni da harshe ne? Tun satin farko na ji."

Na ɗago na kalle shi.

"Daɗi na ji," ya ce. "Wallahi daɗi na ji. Na ce alhamdu lillahi, an daina yi mana dariya a layi. Kullum ina cewa zan yi miki magana, kullum ina cewa bari sai gobe." Ya rufe fuskarsa da hannu biyu. "Kin zo in yafe miki. Ni wa zan je wa?"

Bai je aiki ba ranar. Muka zauna a ƙasa, ni da shi, ba mai ba wani haƙuri.

Ya Allah, kai ka san abin da ya kai Baba, mu ba mu sani ba, kuma ba za mu sani ba sai mun zo gabanka. Ka yalwata masa kabarinsa, ka ba shi hutun da ya fi wanda ya tsare mini a ƙofar zaure. Ya rufa mini asiri da lafiyar jikinsa, ka rufa masa nasa ranar da babu mai rufawa sai kai. Wanda duk ya karanta wannan, ya yi wa Baba addu'a tukuna. In da saura, ya sa da mu biyu.